Zaure, Tsangaya da Ganuwa: Tarihin Masaukin Marasa Gida a Kudancin Ƙasar Kano

1.0 Gabatarwa

Harshen Hausa yana da wadatar kalmomin da suka shafi wurin zama. Akwai gida da ɗaki da bukka da soro, akwai masauki da makwanci da matsuguni, akwai kuma zango inda ayari ke ya da kaya. Amma idan aka nemi kalma guda tak wadda ke nufin mutumin da ba shi da inda zai sa haƙarƙarinsa da dare, sai a ga an koma kewaye-kewaye. A ce marar galihu, ko wanda ba shi da tudun dafawa, ko kuwa a ɗauko sabon furucin nan na ofisoshin gwamnati da gidajen rediyo, watau marar muhalli. Wannan giɓi yana nuni ga wani zamani da rashin wurin kwana bai zama hali na dindindin ba, balle a raɗa masa suna, ko da yake talauci da yunwa da bauta duk suna nan, kowanne da sunansa.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda aka riƙa saukar da baƙo da almajiri da ɗan gudun hijira a kudancin ƙasar Kano, musamman yankin da a yau ya ƙunshi ƙananan hukumomin Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa, tun daga ƙarni na 19 zuwa yanzu. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa shi ne, umurnin addini na karɓar baƙo ya sami gindin zama ne a kan abubuwa uku na zahiri: fili wanda ake samu ba da ciniki ba, da gona mai bukatar hannu, da hatsin zakka wanda ba ya nisa da inda aka noma shi. Da waɗannan suka zame ɗaya bayan ɗaya, sai umurnin ya saura a bakin mai wa'azi, nauyinsa kuwa ya koma kan yara ƙanana.

2.0 Yankin da mazaunansa

Kudancin Kano ya fi arewacinta ruwan sama da ciyawa da itace. Daga Bebeji da Kiru, inda ƙasa take a shimfiɗe, in aka nausa kudu ta Tudun Wada sai a shiga dajin Falgore, daga nan a hau duwatsun Riruwai a ƙasar Doguwa, wadda ta yi iyaka da jihohin Kaduna da Bauchi. Mazauna yankin sun haɗa da Hausawa Musulmi na garuruwa masu ganuwa, da Maguzawa masu manyan gidaje a karkara, da Fulani makiyaya, da ƙananan ƙabilu irin su Kurama a wajen duwatsu.

Abubuwa biyu ne suka fi yi wa yankin tasiri a ƙarni na 19, watau fatauci da yaƙi. Bebeji tana kan hanyar Kano zuwa Zariya, hanyar da ke zarcewa Nufe da ƙasar Yarabawa. Baturen nan Clapperton, wanda ya ratsa garin a 1826, ya ƙiyasta mutanensa tsakanin 20,000 da 25,000, ya kuma ce da yawansu 'yan gudun hijira ne daga Barno da Wadai, ko zuriyarsu, kuma sana'arsu kasuwanci. Binciken Paul Lovejoy (1980) a kan fataucin goro ya nuna Bebeji tana cikin manyan mazaunan fataken Gwanja, waɗanda Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari suka fi rinjaye a cikinsu, dukkansu kuwa asalinsu baƙi ne a ƙasar Kano. Ashe ke nan gari ne wanda baƙi suka raya.

Ta fuskar yaƙi kuma, a garin Burumburum na ƙasar Tudun Wada ne aka kashe Sarkin Kano Alwali a 1807, bayan masu jihadi sun kore shi daga birni. Daga wajen 1846, lokacin da Malam Hamza da jama'arsa suka bar Tsakuwa saboda rikicin kuɗin ƙasa suka fake a duwatsun Ningi, kudancin Kano ya zama bakin daga. Ningawa sun yi ta kawo hari har ƙarshen ƙarnin, Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi kuma ya ɓatar da shekaru masu yawa na sarautarsa yana fama da su. Saboda haka yankin bai taɓa rasa masu neman mafaka ba.

3.0 Yadda ake samun gida kafin zuwan Turawa

Baƙon da ya zo da niyyar zama yakan fara samun mai masauki. Shi ne zai kai shi gun mai unguwa ko dagaci, ya tsaya masa, a yi gaisuwa da goro ko ɗan abin da ya sawwaƙa. In an yarda da halinsa sai a nuna masa fili ko wani kango, a kuma nuna masa daji ko saura ya share ya noma. Dagaci yana da riba a cikin wannan, domin yawan talakawa shi ne ƙarfin gari, wajen haraji da wajen tsaron ganuwa. A kewayen birnin Kano, inda jama'a ta yi cunkoso, Polly Hill (1977) ta nuna an daɗe ana sayar da gonaki. Amma a kudu daji yana da yawa, hannun da zai share shi ne ya yi ƙaranci.

Kayan gini kuma duk suna kusa. Ƙasa a kududdufi ake haƙa, a kwaɓa da ciyawa a yi tubali. Kara yana gona bayan girbi, gamba da ciyawar jinka suna daji, mai hali kuwa ya sayi azara ya kira magina su yi masa soro. Sauran aikin na gayya ne. A ƙasa ake ɗaura jinka a baibaye ta, sa'an nan a kira maƙwabta su kama a ɗora a kan ɗaki, daga nan ne karin maganar nan ya fito cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Abin da mai gida zai kashe bai wuce abinci da fura na masu aiki ba, sai kuma bashin zuwa gayyar wani ran da aka kira shi.

Irin wannan gida yana da rauninsa. Sai an bi shi da yaɓe kafin kowace damina, gobara kuma takan cinye unguwa guda cikin dare ɗaya a lokacin hunturu. Amma da yake abin da ya rushe da ƙasa da ciyawa aka yi shi, mai da shi ba ya gagara muddin mutum yana da jama'a. Saboda haka matalaucin gaske a wancan zamani shi ne wanda ba shi da mutane, ko wanda ba shi da ƙarfin jikin da zai rama gayya.

4.0 Matsayin addini

Musulunci ya ba wannan al'ada hujja da lada. A cikin kashi takwas na masu cin zakka da Alƙur'ani ya ambata akwai faƙiri da miskini da matafiyin da guzuri ya yanke masa. Hadisi ya sanya wa baƙo haƙƙin liyafa na kwana uku. Kowane ɗalibin sira kuma ya san labarin mutanen Suffa, watau matalautan sahabbai da suka zauna a wata rumfa a masallacin Madina, jama'a na ciyar da su suna neman ilmi. Hausawa sun dunƙule wannan duka a cikin karin magana guda, suka ce baƙonka Annabinka.

Shugabannin jihadi sun ɗora wani ɓangare na nauyin a kan hukuma. A Kano ne Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Liya'ul Hukkami don ya koya wa jama'arta hukunce-hukuncen mulki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuma, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Sarkin Katsina Umaru Dallaji, ya lissafa gina garuruwa masu tsaro da kula da kasuwanni da hanyoyi da raya masu sana'a a cikin ayyukan shugaba. Zakkar hatsi tana cikin abin da hukuma ke karɓa. Da yake hatsi kaya ne mai nauyi a zamanin jaki, akan ajiye wani kaso nasa a rumbunan masu gari, inda ake ɗiba don baƙi da malamai, da kuma shekarar da damina ta ƙi.

Akwai abu guda da ya kamata a lura da shi. Littattafan fiƙihun Malikiyya da ake karantawa a zaurukan Kano, irin su Risala da Muhtasar, duk suna da bayanin hubusi, watau dukiyar da aka tsayar don Allah, ba a sayarwa ba a gado. A birane irin su Alƙahira da Fas da Istanbul an tsayar da gidaje da shaguna masu yawa waɗanda kuɗin hayarsu ke riƙe da makarantu da masaukan ɗalibai da asibitoci shekaru aru-aru. A ƙasar Hausa hubusi bai yi wannan faɗi ba, ya fi tsayawa a kan masallaci da rijiya da maƙabarta da littattafai. Dalili a fili yake: inda fili ba shi da tsada, ɗakin ƙasa kuma ba ya daɗewa, ba a ga abin da za a tsayar ba. Sai sadaka ta zama daga hannu zuwa hannu, ta dogara ga ran mai bayarwa da halinsa. Wannan giɓi bai nuna kansa ba sai a ƙarni na 20.

5.0 Masaukai

5.1 Zaure da gidan fatoma

Zaure shi ne iyakar baƙo namiji. Da shi gidan Musulmi ke iya karɓar wanda bai sani ba, ba tare da ya keta sirrin iyalinsa ba. Da rana wurin sana'a ne ko karatu, da magariba nan ake fito da tuwo, mai gida ya ci tare da duk wanda ya tarar. Da dare kuwa samarin gida da barori da almajirai da matafiya su shimfiɗa tabarmi. Wanda dare ya yi masa a garin da bai san kowa ba, masallaci zai nufa, bayan lisha liman ko ladan ya haɗa shi da wani mai zaure, ko a kai shi gidan mai gari.

A garin fatauci irin Bebeji, sauke baƙi ya zama sana'a. Fatoma yakan ba falke ɗaki da ma'ajiyar kaya da turken jakuna, ya ciyar da shi, ya nemo masa masu saye, ya tsaya masa a kan lamuni. Ladansa yana fitowa ne daga la'adar ciniki, ba a yanka wa ɗaki kuɗi. Fataken Hausa sun tafi da wannan tsari duk inda suka je, daga Salaga zuwa zangunan Kumasi da Akra. Abner Cohen (1969) ya tarar da shi daram a unguwar Sabo ta Ibadan, inda masu gidaje ke sauke fataken shanu da goro, ɗariƙar Tijjaniyya kuma tana ƙara ɗaure amana tsakaninsu.

5.2 Tsangaya

Malamin da ya zo da almajirai yakan nemi izinin mai gari ya kafa tsangaya a gefen gari. Almajirai ne ke yanko kara da ciyawa su yi bukkokinsu, su samo itacen da za a hura a yi karatun dare da na asuba. Da damina suna noma gonar malam, manyansu kuma, watau gardawa, suna ƙodago a gonakin mutanen gari. Ƙananan kuwa kowanne yana da gidan da ya saba kai ƙoƙonsa, inda uwar ɗakinsa ke zuba masa abinci, shi kuma ya yi mata aike da ɗiban ruwa. Da kaka manoma su kai wa malam dami. Bayan an gama girbi, wasu malamai su kwashi yara su tafi ci-rani birni, su rarrabu a zaurukan attajirai, su komo da faɗuwar ruwan farko.

Kowa yana da abin da yake samu a cikin wannan. Gari ya sami malamin da zai yi suna da jana'iza da addu'a, ya sami hannun noma a daidai lokacin da aka fi bukata. Uban yaro ya rage baki ɗaya a rumbunsa da rani, ya kuma sauke nauyin karantar da ɗansa. Tarihin Alhassan Ɗantata ya isa misali. An haife shi a Bebeji a 1877 a gidan Agalawa. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, mahaifiyarsa ta tafi Akra, aka bar shi a hannun wata tsohuwar baiwa mai suna Tata, wadda ya ci sunanta. Ya yi karatun allo a Bebeji yana neman abin kansa kamar sauran almajirai, kafin ya bi hanyar Gwanja. Ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya dukiya a Afirka ta Yamma. Ba kowane maraya ne ya zama Ɗantata ba, amma garin da ya tashi yana da inda maraya zai raɓa.

5.3 Ganuwa

In aka ji labarin mahara, mutanen ƙauye sukan kwashi abin da za su iya su shige gari mai ganuwa, a rarraba su a gidajen dangi da zauruka da filayen da akan bari a cikin ganuwa. Wasu in ƙura ta lafa su koma, wasu su zauna ke nan. Sunayen garuruwa masu farawa da Kafin, irin su Kafin Maiyaƙi, suna tuna wa mai nazari zamanin da shingen itace shi ne bambancin kwana a gida da wayuwar gari a hannun mahara. Labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta wallafa a 1954, ya nuna yadda wannan fargaba take a ƙauyukan iyakar Kano da Zazzau.

5.4 Iyakar tsarin

Kuskure ne a ɗauka wancan zamani aljanna ne. Masauki yana tafe da biyayya. Bawan da ke rinji yana da ɗaki, amma ba shi da ikon barinsa. Bara yana kwana a zauren ubangidansa ne muddin suna shiri. Makafi da kutare da guragu suna da sarakunansu da unguwanninsu, Clapperton ma ya ga unguwar makafi a birnin Kano a 1824, sai dai bara ce abincinsu, kuturu kuma a gefe yake. Zaure da tsangaya duk na maza ne. Macen da aure ya mutu gidan ubanta ko na ɗan'uwanta za ta koma. Wadda ta gudu daga auren da ba ta so kuwa takan fake gidan mai gari ko alƙali kafin a yi shari'a, in duk ƙofofin nan sun rufe sai gidan magajiya, masaukin da malamai ke tsine wa amma ba su tanadi madadinsa ba.

6.0 Zamanin Turawa

Rundunar Kanar Morland da ta taso daga Zariya ta fara cin karo da turjiya ne a Bebeji, inda aka harba igwa a ƙofar gari aka kashe sarkin garin da wasu jama'arsa. Kano ta faɗi ran 3 ga Fabrairu, 1903. Abin da ya biyo baya ya taɓa masauki ta hanyoyi da dama, ko da yake ba a yi doka ko ɗaya a kan zaure ba.

Da farko, hare-hare sun ƙare, mutane suka fita daga ganuwa suka bazu a daji, wannan kuwa sauƙi ne. Na biyu, dokar ƙasa ta 1910 ta sanya dukkan filayen Arewa a ƙarƙashin ikon Gwamna. A ƙauye ba a ji canjin nan da nan ba, domin dagaci ya ci gaba da rabon fili, amma an dasa tushen da hukuma za ta tsaya a kai daga baya ta tashi gari guda. Na uku, a shekarun farko na mulkinsu Turawa sun narkar da zakka da kuɗin ƙasa da sauran kuɗaɗen sana'a cikin haraji guda wanda ake biya da tsabar kuɗi, ana zubawa a baitulmali. Manomi mai tsoron Allah ya ci gaba da fitar da zakkarsa, amma yanzu bayan ya biya haraji, kuma shi kaɗai ke zaɓen wanda zai ba. Yunwar 1913 zuwa 1914 ta tarar da jama'a a cikin wannan sauyi, ta kuma koro mutane masu yawa daga arewa zuwa kudu.

Na huɗu, hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, ta bi ta Ɗangora da Yako da Madobi. Goro ya koma zuwa ta teku da jirgi, ayarin jakuna ya ja baya, manyan fatake irin su Ɗantata suka koma birni inda cinikin gyaɗa yake. Gidan fatoma ya rasa baƙin da ke riƙe da shi. A tashoshin jirgi da barikokin haƙar kuza irin na Riruwai kuwa aka sami sabon irin zama, na leburan da ba shi da mai masauki, ɗakinsa na kamfani ne ko na haya. Masana harshe da dama suna ganin ita kanta kalmar haya aro ce daga Ingilishi.

A wannan zamani ne kuma wata ƙungiyar addini ta daban ta shigo fagen. A 1937 aka danƙa wa mishan ta SIM kula da mazaunan kutare na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato, ciki har da na Yadakunya kusa da Kano, inda majiyyaci ke samun ɗaki da gona da magani. Daga baya majami'u irin su ECWA da Angilikan da Katolika sun kafu a ƙauyukan Maguzawa na kudancin Kano. Murray Last (1979) ya nuna cewa Bamagujen da ya musulunta sau da yawa yakan bar babban gidan gandu ya koma gari. Watau sauya addini, ko ta wace fuska, yakan zo da tambayar wurin kwana, jama'ar da mutum ya shiga kuma ita ce ke amsa ta.

7.0 Daga Tiga zuwa 'Yan Awaki

Shekarun 1970 ne suka fi girgiza tsarin. Gwamnatin Audu Baƙo ta gina madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano tsakanin 1971 da 1974. Tafkin ya shafe fili mai faɗin murabba'in kilomita wajen 178, ya tashi dubban mutane daga ƙauyukansu da fadamunsu. An keɓe musu sababbin matsugunai, an biya diyya, amma diyya tana ƙidaya ɗaki da itatuwa ne. Ba ta ƙidaya maƙwabcin da zai kama jinka, ko gonar da mai gida ke ciyar da baƙo daga cikinta. A gefe guda kuma dajin Falgore, wanda aka keɓe tun zamanin Turawa, ya zama gandun namun daji, ba noma ba sara. Noman rani da ya biyo bayan madatsar ya sa ƙasa ta yi daraja, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 kuma ta mai da ikon filaye hannun gwamnan jiha da ƙananan hukumomi. Dajin da dagaci zai nuna wa baƙo ya ƙare, fili ya zama abin ciniki.

Gini ma ya sake kama. Kwano da siminti da bulo sun fi jinka jure wa ruwa da wuta, amma da kuɗi ake sayensu, gayya kuwa ba ta kawo kwano. Masu kuɗin zamanin man fetur suka fara gina gidaje masu katanga da ƙofar ƙarfe da maigadi. A birni da manyan garuruwa aka fasa zauruka da yawa aka mai da su shaguna ko ɗakunan haya. Farin 1973 ya ƙara turo mutane, ci-rani ya fara zama zaman dirshan.

Tarzomar Maitatsine ta Disamba 1980, wadda ta tashi daga unguwar 'Yan Awaki a Kano, hukumar bincike ta Mai Shari'a Aniagolu ta ce ta ci rayuka 4,177. Paul Lubeck (1985) ya danganta ta da halin da gardawa suka shiga bayan tsadar abinci da ta wurin kwana sun yi yawa, ƙananan sana'o'insu kuma sun ja baya. Ko an yarda da dukkan bayaninsa ko ba a yarda ba, tarzomar ta ƙara wa masu gida tsoron baƙon da ba su sani ba. Karin maganar da ya fi dacewa da zamanin sai ya zama baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Shirin gidaje masu sauƙin kuɗi na gwamnatin Shagari, wanda ya ƙudurta gina gida 2,000 a kowace jiha duk shekara daga 1980, mai albashi ya nufa. Manomi da almajiri ba sa cikin lissafinsa.

8.0 Daga 2000 zuwa yau

Bayan dawo da shari'a a Kano a 2000, an kafa Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha a 2003. Wannan yunƙuri ne na mai da zakka hannun hukuma bayan kusan shekara ɗari, sai dai bayarwa ta zama ganin dama. Gwamnatin tarayya ta fara buɗe makarantun tsangaya na zamani a 2012, da yawansu kuma suka lalace don rashin mai kula. A Fabrairu 2020 gwamnatin Kano ta hana barar titi. Da annobar korona ta zo, gwamnonin Arewa suka shirya mai da almajirai jihohinsu na asali, aka riƙa jigilar yara a motoci daga jiha zuwa jiha, Kiru kuma tana cikin wuraren da aka killace waɗanda aka maido Kano. A shekarar ce kuma aka buɗe rukunin farko na gidajen makiyaya a dajin Ɗansoshiya na ƙasar Kiru. A 2023 aka yi dokar kafa hukumar tarayya mai kula da ilmin almajirai da yaran da ba sa zuwa makaranta.

Duk da haka, mafi yawan nauyin yana nan inda yake tun asali. Masallaci ne ke tara gudummawa in ruwa ya rushe wa wani ɗaki da damina. Zawiyoyin ɗariƙu suna sauke muridai, ƙungiyoyin agaji na Musulmi da na majami'u suna gyara wa gwauraye da marayu rufi. Malamin allo kuwa har yanzu iyaye suna kawo masa yara, amma sau da yawa ba shi da gona, ɗakin da yake ciki ma na aro ne ko na haya. Yaran sai su kwana a soron makaranta in ya ɗauke su, sauran a kango ko barandar shago ko tashar mota.

9.0 Kammalawa

An ga yadda masauki a kudancin Kano ya kasance haƙƙin da mutum ke samu ta hanyar shiga jama'a, addini ya ƙarfafa shi, fili da gona da rumbu suka ɗauke shi. An ga kuma yadda haraji da jirgin ƙasa da madatsar ruwa da dokokin ƙasa da siminti suka sassare waɗannan ginshiƙai, alhali kuwa al'adar tura yaro karatu nesa da gida ba ta tsaya ba. Saboda haka masu ɗora laifin duka a kan malamai, da masu cewa tausayi ne ya ƙare a zukata, duk sun bar tarihin fili da na hatsi a baya.

Ba za a iya komawa zamanin da dagaci ke nuna daji da sanda ba, kuma bawa da macen da ta rasa mafaka ba za su so a koma ba. Amma dalilin da ya hana hubusi faɗi a da, watau arhar fili da rashin ƙarkon gini, ya kau. A yau fili yana da tsada, ginin siminti yana daɗewa, kuɗin hayar shago guda yana iya riƙe makwancin yara. Attajiran yankin sun saba gina masallatai, wani lokaci biyu a layi ɗaya. Babin hubusi kuwa yana nan a cikin littattafan da ake karantawa a zauruka kowace safiya, kuma bai taƙaita ga masallaci ba: ya halatta tsayar da gida da gona da shago don matalauta da matafiya da masu neman ilmi. Ya rage ga malamai su bayyana wannan a fili, ga masu nazari kuma su shiga garuruwan nan huɗu su rubuta tarihin tsangayu da gidajen fatoma daga bakin dattawan da suka kwana a cikinsu, tun suna da rai.